A Hannuna Yake

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina cikin jera littattafai a kantina, ƙanena ya shigo ba sallama, ya zauna a kan benci, ya dafe wuyan hannunsa na dama. Ban tambaye shi komai ba. Akwai tabo a wurin, kuma mutum ɗaya ne a duniya wanda labarinsa zai sa ya dafe tabon nan haka. Na Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu tattara. Sajan, ɗan sandan mararrabarmu, ya cika, bayan doguwar jinyar ciwon kai wanda likitoci suka ce tsohon rauni ne ya taso.

Sajan, mu mutanen mararraba ba mu taɓa kiran ka da sunan yanka ba. Ba-Gaggawa muke ce maka, domin kalmar da ba ta rabuwa da bakinka ke nan. Direbobi biyu su gogi juna, su fito jijiyar wuya a miƙe, kai kuwa ka taho daga ɗan ofishinku kamar wanda aka gayyata shan shayi, ka ce kowa ya fara kashe injinsa tukuna, wai in mota na kunne, kunne ba ya ji. Kafin su gama dariya rabin rigimar ta mutu. Na ga ka tsayar da jerin motoci saboda tsoho mai sanda, kana tafiya daidai da takunsa, kana tambayar sa jikoki, masu hon suna ta yi kai ko a jikinka. Da azahar kakan shigo kantina ka karance jarida tas, ka ninke ta yadda ba wanda zai san an buɗe. Idan na karanta maka sabon baiti, sai ka lumshe ido ka ce, “Malam, wannan ya cika gudu, a rage masa wuta.” Sau da yawa kai ke da gaskiya, ko da yake ban cika gaya maka ba.

Jiya a wurin zaman makoki babbar 'yarka ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce tun suna ƙanana, duk sanda suka tambaye ka yadda hannunka na hagu ya shanye, sai ka ce sakaci ne: ka sa wa wani ankwa, mabuɗin ya faɗi daga aljihunka, rikici ya rutsa da kai ba damar gudu. Ta ce har abokan aikinka sukan tsokane ka da Sajan mai yar da mabuɗi, kai ma kana taya su dariya. Ta tambaye ni ko haka abin yake. Wurin cike yake da jama'a, na ce zan amsa mata a rubuce. Ka yi mini gafara, Sajan, yau zan ƙaryata ka a bainar jama'a, kuma wannan ce kaɗai ƙaryar da na taɓa sanin ka da ita.

'Yata, ga yadda aka yi, da idona na gani.

Ƙanena direban babbar motar kaya ne a lokacin. Ran nan da rana tsaka ya gangaro mararraba, birki ya ƙi, motar ta bi ta kan rumfunan masu tireda ta tsaya jikin bangon makaranta. Wata baiwar Allah mai sayar da kayan marmari ta faɗi cikin jini. Kafin a kai ta bakin asibiti, labari ya zaga cewa ta mutu, a baki na gaba ya zama mutum biyar, a na gaba ya zama da gangan ne. Aka fizgo ƙanena daga mota. Na ga mai taya, na ga mai galan na fetur, na ga fuskokin da nake gaisawa da su kullum safe sun koma wasu iri. Na yunƙura zan kutsa, maƙwabtana biyu suka riƙe ni a kan matakalar kanti, suka ce in aka san ɗan'uwansa ne ni, gawa biyu za a kwasa. Daga saman matakalar nan nake ganin komai.

Mahaifinki shi kaɗai ne a ofis, sauran sun fita sintiri. Ya taho, kuma a karo na farko a sanina da shi, da gudu ya taho. Ya ratsa taron da kafaɗa, ya isa inda ƙanena ke durƙushe, ya zaro ankwa ya datse masa a hannun dama. Taron ya yi sowa, sun ɗauka zai riƙe musu shi ne. Sai ya datse ɗaya bakin a nasa hannun na hagu. Sannan ya ciro mabuɗin, ya ɗaga shi sama yadda na gaba da na baya za su gani, ya wurga shi cikin kwalbatin da ruwan sama ya cika.

“A hannuna yake,” in ji shi. Bai ɗaga murya ba sosai, amma har inda nake na ji. “Ya shiga hannun hukuma. Wanda zai ƙona shi, sai ya haɗa da ni.”

Mu da muke ta'ammali da kalmomi mun saba jin an ce wane ya shiga hannu, kuma ba mu taɓa jin ta ba sai da kunya da sunkuyar da kai. Ran nan na ga kalmar ta tashi tsaye ta zama katanga. Ƙarfen da aka ƙera don ƙasƙanci ya zama mafakar da ba ta da na biyu a duk faɗin titin.

Ba zan ce taron ya watse nan take ba, domin bai watse ba. Mai fetur ya ja baya, amma masu duwatsu ba su ja ba. Mahaifinki ya tura ƙanena jikin tayar motar, ya rufe shi da bayansa. Dutse ya same shi a ƙeya, hularsa ta faɗi, jini ya jiƙe wuyan kakinsa. Wani ya zo da rodi yana dukan ankwar don ya raba su, kuma yawancin dukan a hannun mahaifinki ya sauka. Duk da haka yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da sana'arsu, mai faci, mai shayi, mai gyaran rediyo, yana tambayar kowa abin da zai gaya wa iyalinsa in ya koma gida. Mutum yakan yi jifa cikin taro, amma da wuya ya yi bayan an kira shi shi kaɗai. Hannuwa suka fara sauka. A haka motar abokan aikinsa ta iso.

Ka ba da hannu, ka ceci rai,
Ruwan duwatsu bai kau da kai,
Su taro ne, kai ko kai kaɗai,
Makaminka ɗaya, gaskiya kawai.

Rodin ya lanƙwasa ankwar har ba mabuɗin da ke shiga, saboda haka a haɗe aka kai ku asibiti, Sajan, aka jera muku gado biyu kafin a nemo mai walda ya yanke ta da zarto. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya tana duban ku, jini ya rufe ku duka, ta tambayi wane ne mai laifin. Ka buɗe ido ɗaya ka ce ta duba wanda ya fi kyau, shi ne ɗan sandan.

Kada wani ya zaci ka ceci ƙanena ne daga shari'a. Da ka tashi, hannu rataye a wuya, ka shiga kotu ka faɗi abin da ka gani game da birkin nan ba ragi, aka yanke masa hukunci, ya yi zamansa ya fito. Matar da aka ce ta mutu tana nan da ranta, tana ɗingishi, kuma kai ne ka bi ofis-ofis har aka biya ta haƙƙinta. Jiya ta zo gaisuwa, ta zauna kusa da matar ƙanena.

Bayan an mayar da kai aikin tebur, wata rana kana karanta jaridar da ba za ka saya ba, na tambaye ka dalilin jefar da mabuɗin, tun da riƙe shi a aljihu ma ya isa. Ka ninke jaridar.

“Malam, na san kaina,” ka ce. “Ina da 'ya'ya, ina jin tsoro kamar kowa. Da mabuɗin na aljihuna, in jifa ta yi yawa zan iya buɗewa. Shi ya sa na raba kaina da shi tun ina da hankalina.”

Ka roƙe ni in bar maganar a kanti, na bar ta muddin kana raye. Na karanta labaran jarumai masu yawa a kan waɗannan kantoci, waɗanda aka ce zuciyarsu ba ta san tsoro ba. Ban yarda da su ba kamar yadda na yarda da kai, wanda ya san tsoronsa sarai, ya riga shi rufe ƙofa.

To 'yata, amsarki ke nan. Mabuɗin bai faɗi ba. Ki gaya wa ƙannenki, ku gaya wa 'ya'yanku, kuma duk wanda ya sake cewa Sajan mai yar da mabuɗi, ku amsa da ƙarfi cewa ƙwarai kuwa, shi ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi shekaru tana ɗaura maka maɓallin riga ba ta taɓa ƙosawa ba, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka, da mutanen mararraba baki ɗaya, har da waɗanda suka yi jifa ran nan suka kuma biyo gawarka jiya kai a sunkuye. Ta'aziyya ta musamman ga ƙanena, wanda ya kama makararka da hannun nan mai tabo, aka yi ta neman ya ba wani ya ƙi saki har bakin kabari. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatan marayu, Ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Ubangiji, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka kabarinsa, Ka tsare shi daga wuta kamar yadda ya tsare bawanka daga wuta, Ka mayar masa da hannunsa lafiyayye a Aljanna. Ya taɓa tsayawa gaban taro ya ce wani bawa a hannunsa yake, kuma bai sake shi ba. Yau ga shi ya zo maka shi kaɗai. A hannunka yake, ya Mafi jinƙan masu jinƙai. Amin.