Mai Ƙin Ƙwallo a Kujerar Aski

Mai aski bai taɓa ganin mutumin ba, amma tun daga bakin ƙofa yake faɗa. Dogo ne, tumbinsa na riga shi shigowa, gilashinsa na lilo a kan hanci.

"Haba maigida! Gida ƙwallo, ofis ƙwallo, nan ma ƙwallo? Juya min kujerar nan, kada in ga shirme."

An juya shi, ya ba talabijin baya, sai ga shi yana fuskantar madubin bango, wanda ke nuna filin gaba ɗaya. Mai aski na danne dariya, don ƙafar mutumin sai harbin iska take yi a ƙarƙashin zanen aski. Wataƙila tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta ci amanarsa. Wataƙila ƙungiyarsa ce ta sa masa hawan jini, uwargida ta sa shi ya rantse ya daina kallo.

"Ta shiga!"

Ya zabura tsaye, injin aski ya yi masa titi daga ƙeya har tsakar ka. Shago ya kaure da dariya. Ya shafa wurin, idonsa na kan madubi.

"Kwashe shi duka, maigida. Amma matsa gefe tukuna, za su maimaita."