Barkono a Waken Dodo

Zamani manomin citta ne a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, gabas da Kafanchan. Ranar kasuwa yakan ɗaure buhu a bayan keke ya gangaro gari, ya koma kafin rana ta faɗi. Dattijo ne a majami'arsu, shi ke buga guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a bishiyar mangwaro don kiran sujada. Kowa a ƙauyen ya san yana da murya mai kauri, kuma ba ya cin wake. Matarsa Lai'atu ce ta ba ni yawancin labarin nan. Shi yana gefe yana sassaƙa ƙotar fartanya, bai musa komai ba.

Kafin ya karɓi baftisma a 1972, Zamani ne bakin dodo. A wurinsu dodo shi ne kakannin da suka mutu, masu dawowa bayan girbi su yi magana daga kurmin bayan gari. An hana mata gani, murya kawai suke ji. Muryar kuwa daga guntun gora take fitowa, wanda aka toshe bakinsa da farar yanar da gizo-gizo ke lulluɓe ƙwansa. In mutum ya yi magana a ciki sai ta fito da gurnani, ba ta kama da ta kowa. Mata su dafa wake da riɗi, su ajiye a bakin kurmi, su juya baya. Maza su cinye. Duk namijin da aka shigar kurmin ya rantse ba zai faɗa wa mace ba, ko da uwarsa ce.

Uwar tasa sunanta Kuyet. A shekarar da dattawa suka miƙa masa gorar ne mahaifinsa ya rasu. Kuyet ta daina cin abinci, ta daina bin mata zuwa rafi. Da dodo ya fito, bayan ya gama tsawata wa masu satar kaji, sai ya kira ta da wani suna da mijinta kaɗai ke kiranta da shi a cikin gida. Ya ce yana lafiya inda yake, ta ci abinci, ta sa a gyara jinkar rumbu. Ta ci. Tun daga nan, kowace kaka takan zo da tukunyarta da la'asar, ta zauna a kan wani dutse, ta ba kurmi baya, ta yi hira da mijinta. Takan ba shi labarin jikoki da awaki, wani lokaci har ta yi masa faɗa a kan gonar da ya bar mata duk tsakuwa.

Lai'atu ce ta fara shiga majami'a, Zamani ya biyo ta. Ya bar giya, ya bar taron kurmi, amma bai bar gorar ba. Ya ɓoye ta a jinkar ɗaki, in an gama girbi ya saɗaɗa ya je ya yi wa uwarsa magana. Ranar Lahadi kuma ya zauna a layin gaba yana waƙa, ba ya iya ɗaga ido ya dubi bagadi.

Labari ya kai kunnen Meshak, mai bisharar ƙauyen. Meshak ba mai zafi ba ne, amma yana da dalilinsa. Ya tuna wa Zamani matan da aka ci tarar akuya da sunan dodo, da waɗanda aka yi wa bulala, har da Lai'atu da ta taɓa kwana uku ba ta fita ba don tsoro. Ya ce ba zai ba shi jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi ke ci tare a majami'a, sai ya fito da gorar a gaban ikilisiya ranar godiyar kaka. Zamani ya yarda cewa gaskiya ce. Roƙonsa ɗaya, kada a gaya wa tsohuwa ranar.

Ba wanda ya gaya mata, amma godiyar kaka ta 1974 duk ƙauye ya zo, mai bi da marar bi. Kuyet ta rako jikokinta da kwaryar acca a ka, ta zauna a baya kusa da ƙofa. Zamani ya gan ta sa'ad da ya riga ya miƙe da gorar a hannu. Ya yi bayani a gajarce, kansa a ƙasa. Meshak ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi magana a ciki su ji." Ya kai gorar baki ya ce salama a gare ku, muryar kurmi ta cika majami'a. Wasu tsofaffi suka rufe kai da zane, 'yan zumuntar mata suka fashe da dariya har da tafi. Kuyet ta tashi a hankali ta fita. Bayan sujada aka ƙona gorar a gindin mangwaro.

Washegari da rana tsaka Kuyet ta shigo gidansa da tukunyar wake, ta dire a ƙofar ɗakinsa. Ya durƙusa yana cewa ta gafarta masa, ya ruɗe ta shekara da shekaru. Da yarensu ta amsa, Lai'atu na tsaye tana ji.

"Wa ka ruɗa? Ubanka bai taɓa kai barkono bakinsa ba, shaƙuwa yake sa shi. Kaka ta biyu sai ga dodo yana cewa a ƙara barkono a wake. Ni fa na goya ka."



"Maƙogwaron naka ne, na sani," in ji ta. "Amma da ba a faɗa ba, ubanka yana da ƙofar da yake shigowa. Kai ka tsaya gaban mutane ka nuna ba kowa a wurin. Ga wakenka. Ka daɗe kana ci a ɓoye, yau ci a fili."

Bai iya ci ba. Tukunyar ta wuni a wurin har kaji suka hau kanta.

Ba ta yi gaba da shi ba. Ya ci gaba da nome mata gona, tana amsa gaisuwarsa, sai dai ba ta ƙara zuwa kan dutsen ba, kuma ba ta ƙara ambaton mijinta ba. Lai'atu ta ce mata sun samu sauƙi tun daga ranar, kuma shi ma bai taɓa cewa ya yi nadamar bin Almasihu ba.

A daminar 1977 Kuyet ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta. Wata safiya ta sa aka kira shi daga gona, ta ce ya kira ta da sunan nan. Ya duba ɗakin, ba gora, ba komai. Ya sunkuya ya faɗa da muryarsa. Ta saurara, sannan ta ce, "Wannan kai ne," ta juya fuska ga bango.

Da Lai'atu ta kawo nan, Zamani ya ajiye ƙotar ya ce zai duba awaki. Awakin suna ɗaure a gabanmu. Ita kuma ta ce har yau sai ranar da ya tafi kasuwar Kafanchan take dafa wa yara wake, ta wanke tukunyar kafin ya dawo.