Shekarar da Awakin Amana Suka Mai da Mu Masu Kuɗi

Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba damina ta yi mana rowa a Dakoro. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Babanmu ya tafi cin rani Najeriya, ya bar Inna da ni da ƙanwata, wadda ba a jima da yaye ta ba.

A shekarar ne kuma gidanmu ya cika da awaki. Inna tana da aminiya a Tagriss, makiyayiya. Da kiwo ya gagara can, sai ta koro garkenta ta bar wa Inna amana, ta bi mijinta kudu neman abinci. Ba su biya lanho ba, wato harajin shekara, don haka in hukuma ta san awakin na wane ne, za a kora su.

Awaki dai ga su nan, sai kuka da haƙarƙari. Nononsu ya ƙafe, sayarwa kuma ba namu ba ne. Mu anza muke ci, 'ya'yan daji masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Ni na iya haɗiyewa. Ƙanwata kuwa in ta ci sai ta amayar. Goggonmu ta Maradi ta aiko cewa in abu ya ƙi, a kai mata yarinyar ta riƙe. Inna ta ce a'a, ai an ce gwamnati za ta raba hatsi.

Aka turo wani saurayi daga biro, wato ofishin hukuma, ya ƙidaya mabukata. Mutumin kirki ne, har ya cire takalmi a ƙofa. Sai dai ma'auninsa guda ne: gidan da ke da dabbobi ba ya cikin matsi. Ya dubi garken ya ce, "Inna, waɗanga bisashe duk naki ne?"

Na ga Inna ta kalli ƙanwata da ke jingine da turmi. Sannan ta amsa masa.

"Nawa ne, ɗana."

"To alhamdu lillahi, ku kam Allah ya rufa muku asiri."

Ya yi mana murna da zuciya ɗaya, ya wuce gidan gaba. Na yi shekaru ina jin haushinsa, daga baya na daina. Abin da ya gani ya auna, kuma a tambayarsa babu wurin amana. Har yau in na ji rediyo na cewa talauci ya ragu kashi kaza, sai in tambayi kaina awakin wa aka ƙidaya.

Hatsi ya zo, bai biyo ta gidanmu ba. Ranar kasuwa Inna ta goya ƙanwata zuwa tashar kamyo, inda manyan motoci ke lodi, ta miƙa ta ga wata mata mai tafiya Maradi. Ta dawo da zanen goyon a hannu, ta wuce kai tsaye ta ba awaki ruwa.

Aminiyar ta dawo da damina ta karɓi garkenta cif, ta bar mana 'yar akuya tukuici. Ƙanwata kuwa ta girma a Maradi cikin ƙoshi, Goggo take kira Inna. Da ta fara zuwa Dakoro tana budurwa, ta durƙusa gaban mahaifiyarmu da ladabi, ta gaishe ta, sannan ta juyo ta tambaye ni a hankali wane suna ya kamata ta kira ta da shi.