Yakuwar Bayan Bene

A bayan benen da muke haya a unguwar Pantai Dalam, can ƙasar waje, akwai wani ɗan fili a bakin lambatu, babu mai zuwa wurin sai sauro. Ni na share shi, na shuka irin yakuwar da na ƙullo daga gida, don miyar kwakwar garin nan ta ishe ni. Da ta yi kyau, sauran matan ɗalibai suka biyo ni, kowacce ta ta da 'yan kunyoyinta.

Sai shugaban ƙungiyar ɗalibanmu ya gano mu. Digiri na uku yake yi a fannin shari'a, ya yi shekaru yana tonon wata kalma ta Turawan da, "enfeoff", wadda ko jikokinsu sun manta da ita. Wai in mai ƙasa zai ba baransa gona, a gaban shaidu yake damƙa masa dunƙulen ƙasa da ɗan reshe, baran ya durƙusa ya yi alkawarin biyayya. Mutumin da ko katifar da yake kwana a kai ta mai gidan haya ce, shi ne ya ce filin na ƙungiya ne, kuma haka za a raba shi. Maza suka ɗauka wasa ne, suna dariya suna tara hannu.

Da zaɓen ƙungiya ya zo, maigidana bai bi shi ba. Na sauko da bokiti wata safiya na tarar an zagaye yakuwata da igiya, an ba matar mataimakin shugaban.

"Ba boleh lah, Hajiya," in ji shugaban da na same shi, yana sirkawa da yaren garin, wato ba zai yiwu ba. "Mijinki bai taɓa karɓar ƙasa a hannuna ba."

Na hau sama ina kuka, na yi kwanaki ina kumbure-kumbure.

Maigidana mutum ne mai gudun raini. Amma ranar Juma'a bayan la'asar na hango shi ta taga, da farar rigarsa, gwiwa a cikin taɓo. Wancan yana tsaye a kansa yana zuba Turanci, abokansa suna ɗauka a waya. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Ya hawo da ƙasar a tafin hannu, yana murmushin yaƙe.

"An dawo miki da gonarki," ya ce.

Yakuwar ta girma, ta yi fure, ta bushe a tsaye. Ban ƙara tsinkar ganye ɗaya ba, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba.