"Sai Dai" Ɗin da Ya Maƙale Mini a Nguru

Shekarun baya can, tun Bature yana ƙasar nan, ni ɗan kasuwar banda ne a Gashua. Ina da rumfar zana a bakin kogi da mutanen da ke mini aiki: masu gyaran kifi, masu hura wuta, masu ɗaure kwanduna. Abokina, wani masunci mutumin Bade daga Dagona, shi ke kawo mini tarwaɗa. Mu ƙyafe, mu ɗaure, mota ta kai Nguru, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Kudu. Ba wani arziki muka tara ba, amma gidaje da dama daga rumfar nan suke ɗora tukunya.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a yi doka a Kaduna. Wai ba mai ɗora kifi a jirgi sai mai lasin, lasin kuma sai mai sito da rufin kwano da daɓen siminti. Siminti! Ni da ban taɓa taka shi ba sai a tashar jirgi. Kowa ya gane inda aka dosa: in dokar ta tabbata, ni da ire-irena mun rufe, mutanenmu sun koma gida.

Aka ce wani Bature zai zo Nguru ya ji ta bakin 'yan kasuwa kafin a sa hannu. Muka taru a gidan wani Alhaji, babban attajiri a cikinmu, Barebari da Badawa da Hausawa, muka tsayar da magana ɗaya: a ba mu lokaci, kuma a yarda mu haɗa ƙarfi mu gina sito guda na kowa da kowa. Da aka zo kan wanda zai yi magana, Alhaji ya nuna ni.

"Kai ne," in ji shi. "Mu Hausarmu ta ciniki ce. Kai kuwa bakinka zuma."

Wallahi kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Da aka watse ya ja ni gefe ya ce, "Kada ka faɗa wa Bature da ƙorafi kamar wanda aka taka wa ƙafa. Ka fara da godiya. In ka gode, ka dakata tafinta ya juya masa. Sannan ka kawo 'sai dai' ɗinka."

Ban ga aibu ba. Ai haka muke yi wa manya tun asali: ka yaba, ka gode, ka numfasa, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka.

Mako guda ina bitar maganata a tsakar gida, ina ɗaga hannu, ina sunkuyawa. Matata ta gaji ta ce, "Malam, wai da Baturen kake ko da akuyata? Don ita kam ta amince tun jiya."

Ranar zama, da hantsi, aka tara mu a wata rumfa kusa da tasha. Na sha sabuwar riga, sai ƙamshi nake. Abokina ya biyo ni tun daga Gashua, ya zauna daf da ƙafata. Bature ya karanta takardarsa, tafinta ya juya, aka ce mai magana ya tashi. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, mun ji abin da hukuma ta zo da shi. Mun san ba sharri ake nufin mu da shi ba. Tsabta ake so, mu ma muna son ta. Mun ji, mun gode."

Na dakata, kamar yadda aka koya mini. Tafinta ya yi 'yan kalmomi da Turanci. Sai na ga Bature ya yi murmushi, ya ja alƙalami a takarda, ya rufe littafi, ya duba agogo, ya ɗauki hularsa.

Na ce, "Sai dai, ranka ya daɗe..."

Kafin in ƙara kalma, Alhaji ya miƙe da ƙarfi yana cewa, "Madalla! Madalla! Allah ya saka da alheri!" Mutane suka ga babba ya tashi, su ma suka tashi. Abokina yana jan gefen rigata yana cewa, "Ka faɗa! Kai, ka faɗa mana!" Na bi tafinta, na ce ban gama ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "An rufe zama, Malam. Ai kun amince, da bakinka ka faɗa."

Bature bai fi taku goma daga inda nake ba. Da na ɗaga murya zai juyo. Ban ɗaga ba. Kunya ta riƙe ni, wai kada a ce ba ni da ladabi a gaban manya. Ni da na yi mako ina wa akuya tsawa!

Doka ta fito. Bayan 'yan makonni na koma Nguru, na je gidan Alhaji in ji ko akwai sauran dabara. Aka ce yana baya. Na zagaya, sai ga sito, kwano sai ƙyalli yake. Na dubi daɓen. Simintin ya daɗe da bushewa, har ya fara tsagewa a gefe. Ba jiya aka zuba shi ba, ba kuma bayan zuwan Bature ba.

Na ce, "Alhaji, ashe haka ne?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Ni cewa na yi ka gode. Ban ce ka yi shiru ba. Bakinka ai a jikinka yake."

Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai, don gaskiya ce.

Na koma Gashua na sallami mutanena. Akwai wani dattijo mai hura wuta, tun zamanin mahaifina yake rumfar. Bai yi mini faɗa ba. Ya naɗe tabarmarsa ya ce, "An ce kai ka gode musu a madadinmu. To, mu ma mun gode." Daga ranar sunana a kasuwa ya koma Mun-Gode. Abokina ya koma sayar wa mutanen Alhaji kifinsa yadda suka ga dama su saya. Ni kuma na kama noman barkono, inda ba sai na buɗe baki ba.

Har yau ban yafe wa Alhaji ba, ba zan ɓoye muku ba, ko da yake ya daɗe da rasuwa. Amma na fi jin haushin kaina. Tun daga lokacin, in na je gaban kowa da buƙata, ita nake fara ajiyewa, godiya ta biyo baya in da hali. 'Ya'yana suna cewa tsoho ya cika gatsali. Su ce.

Shekaru bayan haka, duk mun fara furfura, na tarar da abokina a bakin kogi yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Bai taɓa tayar mini da zancen ba sai ranar. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Mun-Gode, wai me za ka ce bayan 'sai dai' ɗin nan?"

Na miƙe tsaye, na gyara riga, na faɗa masa duka, tun daga farko har ƙarshe. Ko kalma ɗaya ban manta ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Wallahi da sun ji wannan, da sun fasa."

Na so ƙwarai ya ce mini ko da sun ji, ba abin da zai canja.