Yadda Injin Umma Ya Haye Dokin Ƙofa

Sana'ata sayar da injina ce, na niƙa da na ban ruwa da janareto. Duk ranar da aka kawo sabon kaya aka fasa akwatin katako, warin giris ɗin da aka shafe ƙarfen da shi yakan cika shagon. Masu saye toshe hanci suke yi. Ni kuwa sai in ga kaina ina ɗan shekara goma, a lungun gidanmu na Hashimi, cikin tsakiyar damina.

Shekarun nan ne na farkon casa'in, da ma'aikatan Abuja suka cika Suleja. Kowane gida ya yanki ɗaki ya ba da haya, baƙi daga Kano da Katsina da Sakkwato, kowa da iyalinsa da tuwon da za a tuƙa masa. Injin niƙa ɗaya ne a unguwar, layin kwanuka har bakin titi. Mahaifiyata, Umma, ta lura da haka. Ta kwance kwanonin jerenta da gadon ƙarfen da aka kawo ta da shi, ta sayar, ta sayi tsohon inji mai shan gas. Ɗakinta ya koma fayau, daga katifa sai tabarma. Abin da ta mallaka a duniya kaf yana cikin wannan ƙarfe.

Ranar da aka kawo shi Baba yana Abuja wurin aikin gini. Direban a-kori-kura ya zame shi a bakin ƙofa bayan azahar, ya yi gaba abinsa. Ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen Maje.

Sai ka san lungunmu za ka gane damuwar. Gangare ne, in aka yi ruwan sama duk ruwan unguwa ta ƙofarmu yake bi, ja wur, har ƙwaurin babban mutum. Shi ya sa marigayi kakanmu ya gina dokin ƙofar zaure da dutse da siminti, tsayinsa har gwiwa, bayan wata shekara da ruwa ya shiga ya lalata musu hatsi. Faɗin ƙofar ya ishi injin. Tsayin dokin ne matsalar. In kuwa ruwa ya same shi a waje, laka za ta shiga cikinsa tun bai niƙa ko mudu ɗaya ba.

Samari shida na unguwa suka tuɓe riguna. "Oya, ɗaya, biyu, uku!" Injin ya tashi kamar yatsa huɗu ya koma. Sau uku suna yi, a na ukun ɗaya ya dafe ƙugu ya zauna a ƙasa. Sai babbansu ya ce a kawo guduma a fasa dokin, gobe birkila ya mayar.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta fito da carbinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara zani ta zauna a kan dokin ƙofar.

"Mai fasawa ya fara da ni," in ji ta.

Ba mugunta ba ce. Na san haka tun a lokacin. Hannun mijinta ne ya jera duwatsun nan, kuma simintin gobe ba ya tare ruwan da zai zo yau. Umma tana bayan ƙyaure cikin mayafi. Matar ɗa ba ta ja da uwar miji a gaban samari, ko da jarinta ne a kwance a lungu. Sama kawai take kallo ta saman katanga, tana murza bakin mayafinta.

Ana cikin haka Kawu ya iso, ƙanin Kaka, mai sayar da goro a ƙofar masallaci. Da ƙuruciyarsa yaron mota ne a manyan gingimari, har wata ganga ta danne masa ƙafa. Tun daga nan da sanda yake tafiya. Ya zaga injin sau biyu, yana leƙa ƙarƙashinsa.

"Kawu, kai da sanda ke ɗauke da kai, me za ka yi a nan?" in ji babban samarin.

"Ku shida da kuka ɗaga, me kuka samu ban da gumi? Ku kawo min abin da zan faɗa."

Ya sa aka ɗauko doguwar azara da ta rage a rufin ɗaki, da katakai masu kauri, da guntayen bututun ƙarfe uku daga gidan da ake gini a maƙwabta, da igiyar rijiya, da tsohon dutsen niƙan Kaka. Aka cusa bakin azarar ƙarƙashin injin. Samarin suka sa dutsen a tsakiyarta suka danna su biyu, da ƙyar ya motsa. Kawu ya ƙwanƙwasa dutsen da sandarsa.

"Matso da shi jikin injin. Ƙara. Ƙara dai. Kaya ake ba gajeren hannu, mutum ya riƙe dogon."

Sai ya juya wurin Kaka. "Yaya, tunda zama kike so, zo ki zauna min a ƙarshen azarar nan."

"Kai dai tun kana yaro ba ka da kunya."

"Ke kika fi kowa ƙanƙanta a lungun nan. So nake ƙartin nan su gani."

Kaka ta dubi hadarin, ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya. Sannan ta waiwaya bayan ƙyaure. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Ba za a taɓa min dutse ba?"

"Ko ƙwarzane."

Ta miƙe. Ta zauna a ƙarshen azarar a karkace, kamar mai hawa bayan keke. Azarar ta yi ƙara, ta sauko da ita a hankali har ƙafarta ta taɓa ƙasa, gaban injin kuwa ya ɗaga sama ya tsaya. Kowa ya zuba mata ido. Kaka ta ce, "To, me kuke kallo? Zan kwana a nan ne?"

Aka tura katakai ƙarƙashi, aka jera bututun. Wani ya kawo gajeren katako don a jingina a dokin, Kawu ya ce a canza da dogo, hawan ya yi tsawo amma ya kwanta. Mutum biyu suka tura injin ya hau yana gurnani, bututun da ya fito ta baya a mayar da shi gaba. Da ya kai sama Kawu ya ɗaure shi ta baya, ya naɗe igiyar sau biyu a jikin darbejiya, ya riƙe bakinta da hannu ɗaya. Haka ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, injin ya gangara cikin zaure kamar ana sauke jariri. Ba a gama kwashe katakan ba ruwa ya tsuge.

Muna tsaye a zaure, ruwa na dukan dokin ƙofa yana wucewa. Kaka ta bi ta gefen Umma, ba ta dube ta ba, ta ce, "Gobe masarata za a fara niƙawa." Umma ta durƙusa.

Yanzu akwai sarƙa da motar ɗaga kaya, lungun ma an yi masa kwalbati. Kaka da Kawu sun daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansu. Amma har gobe in zan ɗauki mai sauke kaya ba ƙirjinsa nake dubawa ba. Azara da dutse nake ba shi, in tsaya in ga inda zai ajiye dutsen.

Kwanaki 'yata da ke sakandare ta kawo min littafinta na kimiyya. An zana layi a kan wani abu mai kusurwa uku, akwati a gefe ɗaya, kibiya a ɗaya gefen. Ta yi ta min bayani da sunayen Turanci, tana tsammanin sabon abu take koya min. Na bar ta ta gama. Sannan na ɗora yatsa a kan kibiyar na ce, "Nan kakata ta zauna."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Na ce ta jawo kujera.