Takin Kara

A shekarun da aka yanke mana jiha, takin zamani ya fi ƙarfin talaka, ni kuma na fita takaba da ƙananan yara a gabana. Wata maƙwabciyata, 'yar Karekare mai yawan dariya, ita ta ja ni cikin ƙungiyar matan lambu. Wani kango ne a bayan masallacin unguwarmu, nan cikin Potiskum, mai shi ya ba mu aro. Ruwan alwala da ke bin kwata shi muka karkato, muka haɗa da na rijiya. Toka daga wajen masu gidan burodi. Alayyaho da yakuwa da salak mu kai wa masu abinci a tasha, su kuma su tara mana ɓawo da ƙanzo mu kawo wa awaki. Ba a yar da komai. Kowace mace da fangalinta, wato ɗan yankin da take shukawa, kuma nawa shi ne miyar gidana, shi ne sabuluna.

Sharaɗin ƙungiya ɗaya ne mai tsauri. Ranar kasuwar shanu, wadda layi ya zo kanta za ta shiga kara, inda ake cinikin shanun, da yamma ta kwaso kashin shanu, kafin masu shara su tattare su sayar wa manyan manoma. Wadda ta tsallake ranarta, an ba wata fangalinta. Mata da yawa na jira.

To, ni mijin 'yata ta fari dillali ne a karar nan. Mutum mai kamewa, wanda ko gaishe ni zai yi sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure ya durƙusa, ni kuma ina amsawa daga bayan labule. Bai taɓa ganin na sha ruwa ba. Yanzu a ce ya gan ni duƙe a bayan saniya.

Da layi ya zo kaina, na roƙi uwar ƙungiya ta musanya mini da jan ruwa, ko na ranaku nawa ne. Ta ce kowa na da wanda yake jin kunya a kara, in ta ɗaga mini sai ta ɗaga wa kowa. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, ki ja mayafi ki rufe fuska. Surukinki ƙahon shanu yake kallo, ba tsofaffi ba."

Haka na yi. Na ari tsohon mayafinta, na ɗauki daro da gammo, na bi ta gefen da ake loda shanu a manyan motoci. Ƙasa ta jiƙe da fitsari, ƙuda kamar a yi magana da su. Na duƙa ina kwasa da fasasshen kwano, ina ta addu'a a zuci. Daro ya kusa cika ke nan sai na ji muryar surukina dab da ni, yana rantse wa wani Bafulatani a kan kuɗin bijimi. Maganar ta tsaya a tsakiya. Ban ɗago ba. Ƙafafunsa kawai na gani, suka juya, suka tafi da sauri har takalmi na faɗuwa. Mayafi ya rufe fuska, amma bai rufe tafiyata ba, kuma wanda ya auri 'yarka ya san tafiyar gidanku.

Na kai takin lambu, na juye a rami, na koma gida na yi wanka har fatata ta yi zafi. Na ce a raina shi ke nan, shi ba zai faɗa ba, ni ba zan faɗa ba, mu mutu da ita.

Ana nan, ana nan, da hantsi mata na dawowa daga cefane, sai ga amalanken shanu ta tsaya a ƙofar gidana, maƙare da taki har yana zuba. Mai amalanken ya yi sallama da ƙarfi, ya ce saƙo ne daga surukina, a gaida Inna, a ce kada ta ƙara wahalar da kanta. Shi surukin nawa a ganinsa girmamawa ce. Da ya san inda lambun yake da can ya aika, amma tambaya ma kunya take ba shi.

Unguwa ta fito. Wata ta ce ita ta ga surukin da ya kawo turmin atamfa, ta ga wanda ya kawo cinyar rago, amma wannan gaisuwa sabuwa ce. Maƙwabciyata tana share hawayen dariya ta ce, "Yaya, tukwicin me za ki ba shi, toka?" Ni dai ina tsaye a zaure, ƙasa ta ƙi tsagewa.

Matan ƙungiya suka zo da darurruka suka kwashe. A wannan shekarar alayyahonmu ya yi ganye kamar tafin hannu. Sai uwar ƙungiya ta tara mu ta yanke magana: tunda Allah ya ba mu suruki a kara, babu macen da za ta ƙara shiga can. Ni ce mai taki daga yau. In rami ya yi ƙasa, ni zan aika a faɗa masa, fangalina kuma ya zama nawa muddin taki na zuwa.

Kowa ya yi murna sai ni. Ba na iya yi masa magana, 'yar fari kuma ko sunanta ba na kamawa, balle in buɗe baki in roƙe ta abu. Sai na koma ɗaure alayyaho dami guda in kai gidanta, in ajiye a bakin murhu, in ce ina kallon bango, "Lambu ya yi fari." Ita ma ba ta kallona. Ta ce, "To, Inna."

Kashegari amalanke ta zo, ta bayan masallaci. Mun yi shekaru a haka har mai kango ya karɓi filinsa ya yi gini. Yarana sun ci, sun girma. Shi kuwa har yau in ya zo gaisuwa, daga zaure yake durƙusawa, ni kuma nakan ƙara jan labule.